Sunanta Ya Gama Firamare

Makarantarmu ɗaki biyu ce, malamai biyu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Idan ka hau mashin daga Kafanchan, kafin minti talatin kana ƙofarta, in dai ba a yi ruwa ba. Ɗakin da ke kusa da bishiyar mangwaro shi muke kira ajin ƙasa. 'Yan aji ɗaya, biyu da uku duk a ciki suke, su saba'in da wani abu, kuma hedimasta, Malam Silvanus, shi ke riƙe da su. Ɗaya ɗakin, a tsallaken fili, shi ne ajin sama, na 'yan aji huɗu zuwa shida, ni ce mai shi. Sunana Tamar. A takardun ofishin ilimi aji shida gare mu cif, amma a ƙasa ƙofa biyu ce, ɗayar ma ba ta rufuwa.

Shi ya sa a wurinmu sau ɗaya tak yaro ke jin a jikinsa cewa ya ci gaba. Ranar Litinin ta farko bayan dogon hutu, hedimasta zai tsaya a gindin mangwaro ya kira sunayen waɗanda suka gama aji uku, su ɗauki jakunkunansu su ratsa fili zuwa ɗakina, sauran yara suna tafi. Tsallakawa suke kiran abin, kuma suna jiransa yadda suke jiran Kirsimeti.

A shekarar da nake ba da labari, sunan farko a jerin shi ne Yemima Ezekiyel, 'yar shekara goma, ita ta zo ta ɗaya. Tun tana aji biyu nake jin muryarta daga nesa tana riga kowa ba da amsa, ina cewa a raina, ki zo dai, ina jiran ki. Da aka kira ta, ta miƙe da sauri har jakarta ta faɗi. Ba ta yi taku uku ba hedimasta ya ɗaga mata hannu.

"Ke tsaya tukuna."

Sauran suka wuce, ita tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili. Sai a lokacin na lura da babanta a gefe, Ezekiyel, manomin citta, dattijo a ikilisiya, riƙe da hannun wani siririn yaro mai manyan idanu.

"Malama, sannu da aiki," ya ce da ni. "Wannan shi ne Asher, ƙanen Yemima. Yau zai fara aji ɗaya. Kin san yana da sikila."

"Na sani, Baba. Ubangiji ya ƙara masa lafiya."

"Amin. To abin da ni na ce da hedimasta, a bar yarinyan nan a ɗaki ɗaya da shi. In ciwon ya tashi, ita ne ta san yadda ake yi. Ni ina gona, mamansa yana gona."

"Baba, filin nan taku ashirin ne fa. In ciwon ya tashi sai a kira ta."

"Taku ashirin yana da yawa in yaro yana kuka."

Malam Silvanus ya yi irin murmushin nan nasa na mai sasanta mutane. "Malama Tamar, ba wani abu ba ne. Sunanta zai shiga rajistarki, aji huɗu. Zama kawai za ta yi a wurina, ni zan riƙa ba ta aikin ajinta. Dama aji uku muke haɗawa a ɗaki ɗaya, in mun haɗa huɗu me ya ɓaci? Zango ɗaya ne, kafin yaron ya saba."

Na yarda. Ina faɗin wannan da kunya. Yara hamsin da takwas ne a kaina, na ce zango ɗaya ba zai kashe kowa ba. Yemima ta sunkuya ta ɗauki jakarta, ta kama hannun ƙaninta, suka koma ɗakin da ta yi shekara uku tana jiran ta bari.

Daga ranar, kowace safiya in na zo kan sunanta a rajista, sai na leƙa ta taga. In na hango ta, na yi mata alamar ta zo. Ai ta zo ɗin, ba ƙarya na rubuta ba. Da wannan nake rarrashin kaina.

Aikin aji huɗun da hedimasta ya yi alkawari bai taɓa bayyana ba. Ta ina ma zai fara? Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban aji mai haɗe ya san cewa darasi kullum gangarowa yake zuwa wurin mafi ƙanƙanta, don shi ne mai kuka, shi ne mai fitsari a wando. Malam Silvanus bai taɓa wuce tarawa da ɗebewa da haddar sau-sau ba, kuma duk shekara daga farko yake sake ɗaukowa. Yemima ta riga ta sha waɗannan har sun gundure ta. Da ya ga haka, sai dabara ta faɗo masa: ya ba ta alli, ya tura ta kusurwar 'yan aji ɗaya ta riƙa biya musu baƙaƙe. Kafin wata biyu mutumin har ya yi ƙiba. Laraba yana mitin a Kafanchan, Juma'a yana duba gonarsa, aji kuwa yana hannun 'yar shekara goma.

Zango ya ƙare, wani ya shigo, babu wanda ya sake tayar da maganar.

Ita dai ba ta haƙura ba a farko. Da an kaɗa ƙararrawar tara, sai ta ba Asher abincinsa, ta rugo ta tsaya a tagata tana kwafe duk abin da ya rage a allo. Na fara barin rubutun Turanci da gangan ba na gogewa. Wata rana a watan Yuni aka tashi da ruwa, na gan ta a taga tana rawar sanyi, na ce ta shigo. An koma aji ban kore ta ba. Muna kan taswirar Najeriya, ta zauna a bakin benci tana bin hannuna da ido, har ta ɗaga yatsa sau biyu. Darasi ɗaya ke nan, minti arba'in.

Ba mu ƙarasa ba muka ji ihun. Asher ya fita wasa cikin ruwa ba wanda ya hana shi, sanyi ya shiga ƙashinsa. Yana kwance a ƙasa yana murɗewa, yana kiran sunanta. Ta goya shi ta ruga gida cikin taɓo. Kwana huɗu ya yi a asibiti a Kafanchan. Ranar da Yemima ta dawo makaranta, shatar bulala na nan a ƙafafunta tun daga gwiwa har ƙasa, kuma ko kallon tagata ba ta yi ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Bayan sujada ranar Lahadi na tare mamarsu, Lucia, a bayan majami'a. Na shirya maganganu masu zafi tun a hanya.

"Maman Asher, yarinyar nan me ta yi? Darasi ɗaya ta zauna a ajin da yake nata."

Lucia ta daɗe tana gyara ɗaurin kallabinta kafin ta amsa. "Malama, kina da yara?"

"Biyu."

"Dukansu suna nan?"

"Suna nan."

"Ni na binne biyu kafin Asher, da wannan ciwon. Yemima yana da lafiya, ko yaushe zai iya yi karatu, makaranta ba ya gudu. Amma wannan yaron, ban san kwana nawa Ubangiji ya ba ni shi ba. In ke ne, ya za ki yi?"

Duk zafin da na kwaso ya zube a nan. Amsar ta zo mini daga baya ina kan mashin, lokacin da ba ta da amfani: ai ita ma Yemima kwanakinta ƙidayayyu ne, shekara goma ba ta dawowa sau biyu.

Satumba ta zagayo, sunanta ya koma shafin aji biyar. Na ce ta riƙa tsayawa bayan an tashi in koya mata ko na rabin awa. Ezekiyel ya ce dole ta kai Asher gida kafin rana ta buge shi. Na ce Asabar fa? Ya ce Asabar ranar gona ce, ko ni zan zo in yi musu noma? Na ba ta littafin karatu ta tafi da shi gida. Bayan mako biyu ta dawo mini da shi sabo fil.

"Ba ki karanta ba?"

"Malama, aikin gidan Asher nake yi. In ya ci sifiri, Baba ni yake duka."

A nan na gane shi ma yaron cutarsa ake yi. Asher yaro ne mai fara'a, ba shi da mugunta ko kaɗan. Amma tun ranar farko hannun yayarsa ke kan nasa in zai yi rubutu. In aka yi tambaya, kafin ya buɗe baki an raɗa masa amsa. Me zai wahalar da kansa a kai? Littattafansa tas-tas, maki goma bisa goma, babansa yana nuna wa mutane a ƙofar gida yana cewa yaron nan likita zai zama. Shi kuwa likitan, in ka rubuta masa sunansa a ƙasa sai ya waiga ya nemi Yemima.

A shekara ta uku ta kai sha uku. Ta fi kowa tsawo a ajin ƙasa, jikinta ya fara sauyawa, rigar makaranta ta matse ta, kullum tana naɗe da hannu a ƙirji. Ƙananan yara suka sa mata suna Mama Ticha. Sa'o'inta da ke ɗakina kuwa, waɗanda a da suke leƙen littafinta su kwafa, suka riƙa ce mata kakar ajin ƙasa. Ta daina wasa da kowa, don ta girmi waɗannan, waɗancan kuma ba su da abin da za su yi hira da ita. Muryar nan da nake ji tana riga kowa amsa ta koma murya ɗaya tilo, tana jan baƙaƙe daga safe har azahar, yara suna amsawa.

Wata Laraba na leƙa ajin na tarar da ita tana zabga wa wata 'yar shekara shida bulala don ta kasa rubuta bakwai. Fuskarta a ɗaure kamar ta tsohuwar da duniya ta isa. Na ƙwace bulalar. Ta dube ni ido cikin ido, ni ce na fara sunkuyar da kai.

Washegari na shiga wurin hedimasta ba ko sallama.

"Malam, a sake yarinyar nan ta zo ajinta. Shekara biyu da rabi ke nan."

"Ki je ki gaya wa babanta."

"Kai ne hedimasta."

"To, na ji. In na sake ta, wa zai riƙe mini 'yan aji ɗaya? Yara talatin da ɗaya ne. Ki kawo mini malami yau, gobe in ba ki ita. Sau nawa na rubuta wa ofis?" Ya tattara takardunsa. "Kuma ita ma tana ƙaruwa. Mai koyarwa ai koyo yake yi."

Da lokacin jarrabawar shiga sakandare ya zo, sunan Yemima ya fito a jerin 'yan aji shida, tunda a can rajista ta ajiye shi. Na ce kada a sa ta, zalunci ne. Malam Silvanus ya buɗe rajistar ya juyo mini da ita.

"Shekara uku tana zuwa ajinki, ko fashin mako ɗaya babu. Hannun wa ne wannan? In ba ta zauna ba, ofis za su tambaye mu dalili. Ke za ki yi musu bayani?"

Hannuna ne.

Ranar jarrabawa muka tafi Kafanchan a motar haya. Wannan ce rana ta farko cikin shekara uku da Yemima ta yini da 'yan ajinta. Suna ta yi wa juna tambayoyi a hanya, ita tana kallon waje, fensir biyu a damƙe a hannunta. A takardar lissafi ita ta fara fitowa, awa guda kafin kowa. Ta zauna a gindin katanga. Na je na zauna kusa da ita har sauran suka fito.

Sakamako ya fito, ita ce ta ƙarshe a makarantarmu. Yarinyar da ta zo ta ɗaya.

Ezekiyel ya karɓi labarin cikin natsuwa, har da gyaɗa kai. "Kin gani ko, Malama? Da kina ta faɗa da ni. Dama kanta bai ɗauki boko sosai ba, na ƙananan aji ne kawai. Ubangiji ya ba kowa baiwansa. Nata na kula da mutane ne."

A Satumban da ta biyo baya aka kira sunan Asher a gindin mangwaro, ya tsallako ɗakina, babansa na biye da shi da murna. Na tambaye shi wa zai zauna kusa da yaron yanzu. Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya miƙo mini.

"Ga lamban wayana. In ciwon ya tashi ki kira ni, gona ba nisa. Yanzu ai ya girma."

Na tsaya ina kallon takardar. Wayar nan na san ta a hannunsa tun kafin Asher ya fara makaranta.

Na koma wurin hedimasta na roƙe shi a bar Yemima ta fara daga aji huɗu, ko ba suna, ko a ƙasa za ta zauna. Ya girgiza kai. Ya ce an riga an ba ta takardar shaidar kammalawa, da tambari da sa hannu, kuma doka ba ta ba shi ikon mayar da wanda ya gama ba. A ranar ce na fara jin Malam Silvanus ya ambaci doka.

Sai watan Nuwamba na iya zuwa gidansu, kunya ce ta riƙe ni. Lokacin haƙar citta ne, tsakar gida cike da ita, ƙamshin har yana sa atishawa. Yemima na zaune a kan kujera 'yar tsugunno da wuƙa, tana tsaga citta gida biyu tana jefawa a kan tamfol don shanya. Yatsunta duk sun yi baƙi. Ta gaishe ni da ladabi, ta kawo mini ruwa, ta koma kan aikinta.

Na yi wa Ezekiyel maganar da na zo da ita: akwai makarantu a Kafanchan da za su karɓe ta daga aji huɗu, za ta iya zama a gidana. Ya yi dariya.

"Malama, dubi yarinyan nan fa. Wannan za ki sa a benci da 'yan shekara tara? Ai ya yi girma da firamare. Kuma ya gama, takarda yana cikin akwati."

Ya shiga ɗaki ɗauko buhu. Na matsa kusa da ita. Ita ce ta fara magana, a hankali, idonta na kan wuƙar.

"Malama, in tambaye ki wani abu?"

"Tambayi."

"A jarrabawan nan, akwai lamba ɗaya a sama, da layi, da wani lamba a ƙasa. Sun yi yawa a takardan. Mene ne shi?"

Wata biyar tana ɗauke da wannan tambayar. Na ɗauki citta guda, na karɓi wuƙarta na tsaga biyu. Na rubuta biyu a ƙasa da yatsa, na ja layi a kanta. Na ce wannan ta ƙasan tana faɗin gida nawa aka raba abu. Na ɗaga ɓari ɗaya, na rubuta ɗaya a saman layin, na ce wannan kuma tana faɗin nawa kika ɗauka.

Ta dubi rubutun, ta dubi ɓarin da ke hannuna, ta dubi tulin da ta yini tana tsagawa.

"Rabi ke nan?"

"Rabi ke nan."

"Ashe wannan ne kawai?"

Ba a yi minti biyu ba ta gane. Hawaye ne suka zubo mini, ni babba, a tsakar gidan mutane. Babu wanda ya tsani yarinyar nan, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Uban yana son ɗansa, uwar tana tsoron kabari na uku, hedimasta yana neman hannu, ni kuma ina neman zaman lafiya. Kowannenmu yana da dalilinsa mai kyau, wanda zai iya faɗa a gaban ikilisiya ba tare da ya ji kunya ba. Muka haɗu mu huɗu muka cinye mata shekara uku, sannan muka ba ta takarda mai tambari cewa ta ƙoshi. Wanda aka yi abin dominsa kuma yana ɗakina yanzu, a bencin gaba, ba ya iya karanta layi ɗaya.

Na yi sallama na kama hanya. Na kai bakin zaure na ji takunta a bayana. Ta biyo ni da wata citta a hannu, ta riga ta yanka ta gida uku, idanunta sun buɗe irin yadda na san su a da.

"Malama, in na ɗauki biyu a cikin wannan, biyu ne zai hau sama, uku a ƙasa?"

Kafin in ce e, muryar Lucia ta taso daga cikin gida.

"Yemima! Ina kika shiga? Zo ki ɗora wa Asher ruwan zafi, ƙafansa ya fara."

Ta zuba mini gutsattsarin uku a tafin hannu, ta juya da gudu.